Na gama shekarar farko a karatun lauya a Amurka: in koma babbar makaranta ko in zauna inda nake?

DanZage_JD:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah duk wanda ya san harkar nan ya sa baki. Na gama shekarar farko ta digirin lauya, wato JD, a wata jami'ar jiha a tsakiyar Amurka. Makarantar ba ta cikin manya, a jerin darajar makarantu da mujallar US News ke fitarwa ma sai ka wuce ɗari kafin ka tarar da sunanta. Makon jiya sakamako ya fito, alhamdulillahi na zo na 7 cikin mu 140 da 'yan kai. Makarantar ce ke biya min kashi uku cikin huɗu na kuɗin karatu. To sai malamin da ya koya mana dokar kwangila ya kira ni ofishinsa, ya ce da irin wannan sakamakon zan iya neman canji zuwa ɗaya daga cikin manyan makarantu. Ya ambaci Georgetown da ke birnin Washington, ya ce shi da kansa zai rubuta min wasiƙar shaida. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina da iyali a nan, mai ɗakina tana aiki a garin, ga 'yarmu 'yar wata takwas. Tambayata biyu ce: da gaske za su iya ɗaukata? In kuma sun ɗauke ni, amfanin ya kai tallafin da zan bari?

Barista_Hauwa_DC:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanina, na 7 cikin 140 ba wasa ba ne, musamman a aji da ake raba maki da ma'auni, kowa na gasa da na kusa da shi. Tambayarka ta farko ta fi sauƙi. A neman canji, makin shekarar farko da matsayinka a aji su ne kusan komai. LSAT ɗin nan, jarrabawar shiga makarantar lauya da ta wahalar da kai a bara, yanzu ba ta da wani nauyi sosai, domin dama an yi ta ne don a yi hasashen yadda za ka kasance a aji, yanzu kuwa ga zahiri a hannunsu.

Kada ka tsaya ji daga bakin mutane. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta wajabta wa kowace makarantar da ta amince da ita fitar da rahoto duk shekara a watan Disamba, ana ce masa rahoton 509. A ciki za ka ga mutum nawa suka shigo ta hanyar canji da nawa suka fita. Makarantun da ke ɗaukar mutane da yawa har sunayen makarantun da suka fito suke sakawa, da GPA, wato matsakaicin makin da suka zo da shi. Ka buɗe na kowace makarantar da ke ranka na shekara uku baya, ka duba ko sun taɓa ɗaukar wani daga makarantarku ko mai kama da ita. Malaminka bai ambaci Georgetown a banza ba, an yi shekaru da dama suna ɗaukar sama da mutum ɗari ta wannan ƙofar. Yale kuwa 'yan ƙalilan take ɗauka.

Malam_Sule_Bronx:
Yaro, ni ba lauya ba ne, shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙin tasi a garin nan. Amma na ɗauki lauyoyi a mota har na gaji da jin kukansu a kan bashi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ana biya maka kashi uku cikin huɗu, kana cikin na gaba a aji, malamai sun san sunanka. Can da za ka je, wa ya san ka? Kuma bashin nan da ruwa a kansa. Ka sa wannan a lissafi kafin komai.

DanZage_JD:
Na gode Baba Sule. Wallahi maganar kuɗin ruwan nan ita ta fi tsaya min a rai. Yanzu abin da ya rage a kaina ina biya ne da aikin hutu da taimakon yayana, ban ci bashin ko sisi ba tukuna.

Abba_Houston:
Ni na yi abin da kake shirin yi, bari in ba ka labarin yadda yake, daɗinsa da ɗacinsa. Na bar ƙaramar makaranta bayan shekarar farko na koma ɗaya daga cikin goma sha huɗun nan da ake kira manya. Tallafina gaba ɗaya ya tafi, sabuwar makarantar ba ta ba ni ko dala ɗaya ba, kuma haka yawancinsu suke yi wa masu canji. Shekara biyu na karatu da haya da abinci, na fito da bashin da ya kusa dala 190,000.

Daɗin shi ne ƙofofin da suka buɗe. A tsohuwar makarantata, manyan ofisoshin lauyoyi ba sa zuwa neman ma'aikata sai ɗaya ko biyu na cikin jihar. A sabuwar, kwana uku na yi ina shiga ganawa ina fita. Na samu aikin hutu a babban ofis, suka riƙe ni bayan na gama, cikin shekara huɗu na biya bashin.

Abin da ba a faɗa maka shi ne, makinka na shekarar farko ba ya bin ka. Za su karɓi kwasakwasan da ka yi, amma GPA daga sifili za ka fara. Ka zo ka tarar ɗalibai sun riga sun ƙulla abota tun shekarar farko, kowa da rukunin karatunsa, kai kana yawo kamar baƙon da ya zo biki ana watsewa. Zango na farko na sha kaɗaici ƙwarai. Mujallar shari'a ta makaranta ma, wadda a tsohuwar makarantata da makina kaɗai zan shiga, sai da na sake zama gasar rubutu ta masu canji, kuma ban samu ba. Duk da haka in aka mayar da ni baya zan sake yi. Amma ni a lokacin gwauro ne, jaka biyu na ɗauka na hau jirgi.

Zee_Esq:
Yaya Abba, wace shekara ka yi canjin? Domin abin ya sauya sosai. A da ana yin ganawar manyan ofisoshi ne a watan Agusta, gab da shiga shekara ta biyu, shi ya sa mai canji yake isa a kan kari ya shiga layi da sabon sunan makaranta. Tun da ƙungiyar NALP, mai sa ido kan harkar ɗaukar sabbin lauyoyi aiki, ta janye ƙa'idojinta na lokacin ɗaukar ɗalibai a ƙarshen 2018, ofisoshin suke ta matso da abin gaba. Yanzu da yawansu tun ɗalibi yana shekarar farko suke karɓar takardu kai tsaye, kafin a zo ganawar cikin makaranta an cike kujeru da dama. Wanda sai a Yuli zai ji ko an ɗauke shi, yana iya isa ya tarar kasuwa ta ci rabi. DanZage, in babban ofis kake so, yau ɗin nan ka fara tura takardunka da sunan makarantar da kake da matsayinka na 7, kada ka jira canji.

Abba_Houston:
Gaskiyarki Zee, nawa ya kwana biyu, kafin korona ne. Na karɓi gyara.

Bagauda_Boy:
Ku yi haƙuri, ni daga gida nake bin zaren nan kuma na ɗan rikice. Meye abin damuwa da sunan makaranta? Mu nan ko a ABU ka yi LLB, ko BUK, ko jami'ar jiha, shekara biyar ce, sannan kowa ya tafi Law School ya zana jarrabawa iri ɗaya, ko an tura ka Bwari ko Bagauda ko Yola. Ranar da aka kira ka lauya, hular gashin iri ɗaya ce. Can ba haka ba ne?

Barista_Hauwa_DC:
@Bagauda_Boy a'a, tsarin daban ne. A nan sai ka gama digirin farko a kowane fanni, sannan ka shiga makarantar lauya shekara uku. Babu wata makaranta guda da ke tara kowa a ƙarshe. Kowace jiha ita ke ba da lasisinta, kodayake jihohi da yawa suna amfani da jarrabawa iri ɗaya. Lasisin ɗan Harvard da na ɗan ƙaramar makaranta duk ɗaya ne a gaban alƙali. Bambancin yana wajen aikin farko. Albashin sabbin lauyoyi a nan tudu biyu ne da kwari a tsakani: manyan ofisoshi sun kai albashin shiga dala 225,000 a shekara a ƙarshen 2023, mafi yawan sauran kuwa, masu aikin gwamnati da ƙananan ofisoshi da ƙungiyoyin taimako, ba sa samun ko rabin haka. Masu biyan babban albashin kuma daga makarantu ƙalilan suka fi ɗiba.

Bagauda_Boy:
Tabɗi. Na gane yanzu. To ni da nake da LLB da BL, in na zo sai na sake JD ɗin daga farko?

Zee_Esq:
Ba dole ba. Yawancin 'yan gida LLM, wato digiri na biyu a shari'a na shekara ɗaya, suke yi, sannan su nemi zana jarrabawar lauyoyi ta New York, domin tana karɓar waɗanda suka yi karatu a ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila in sun cika sharuɗɗa. Amma ka buɗe zare daban mu yi maganar a can, kada mu ƙwace wa DanZage nasa.

Maman_Iman:
Duk kun yi maganar maki da dala, ban ji wanda ya ambaci matar ba sai Abba da ya taɓo a ƙarshe. Malam DanZage, ka zauna da ita? Ba zaman sanarwa ba, zaman shawara. Tana da aiki a garin. In kun koma Washington aikin ya tafi, hayar ɗaki ɗaya a can za ta iya ninka abin da kuke biya yanzu, ga kuɗin renon jaririya wanda a garin nan kamar haya ta biyu ne. In kuma ka tafi kai kaɗai, ka bar ta da 'yar wata takwas shekara biyu a ƙasar da ba uwa ba ƙanwa. Maigidana ya yi karatun likitanci muna tare, na san abin da ake nufi da miji yana gida amma ba ya gida. Ba cewa nake kada ka je ba. Cewa nake ita ma za ta biya kuɗin makarantar nan, ko da ba da dala ba.

DanZage_JD:
Anti, kin faɗi gaskiya kuma ta shige ni. Mun yi magana sau ɗaya, ta ce duk abin da na yanke tana bayana. Amma na san halinta, ko tana jin nauyi ba za ta faɗa ba. Zan sake zama da ita.

Kabiru_F1:
Ƙarin bayani ga masu karatu da bizar ɗalibi, ko da ba shi ne halin mai tambaya ba. Mu ba mu da damar bashin gwamnatin tarayya kwata-kwata. In ka bar tallafi, sai dai bashin banki, kuma yawanci sai da ɗan ƙasa ya tsaya maka. Sannan dole a mayar da bayananka na SEVIS, wato rajistar gwamnati ta ɗalibai baƙi, zuwa sabuwar makaranta a ba ka sabuwar takardar shaidar ɗalibta ta I-20, kuma sai ka nuna shaidar kuɗin shekara guda, wanda a manyan makarantun nan ya haura dala 100,000 in an haɗa da masauki. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan gamawa wata 12 kacal muke da shi na izinin aiki, kuma manyan ofisoshi su suka fi iya ɗaukar nauyin bizar aiki. Don haka ga irinmu sunan makaranta yana da nauyi fiye da na mai katin zama.

DanZage_JD:
Ni ina da katin zama, alhamdulillahi. Amma bayanin zai amfani wasu.

Usman_Tax:
Ko mai katin zama ya lura, bashin gwamnatin ma ba kamar da ba ne. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta tanadi rufe bashin Grad PLUS, wato na masu karatun gaba da digirin farko, ga sabbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, ta kuma sa iyakar dala 50,000 a shekara ga masu karatun sana'a irin lauya da likita. Kuɗin makaranta zalla a manyan masu zaman kansu ya wuce 70,000. Ragowar daga ina? Banki, da ruwan da ya ga dama. Tun da ka ce ba ka taɓa karɓa ba, ka kira ofishin tallafin kuɗi na duk makarantar da kake so, su ba ka lissafi a rubuce kafin ka sa hannu a komai.

Sadau_77:
Ni fa jerin US News ɗin nan da kuke ta girmamawa, su kansu manyan sun juya masa baya. A Nuwamban 2022 Yale da Harvard suka ce sun daina ba shi bayanansu, wasu suka bi. Kuma ku dubi tarihi. Thurgood Marshall a Howard ya yi, ya fito na ɗaya a ajinsa a 1933, ya zama Baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967. Joe Biden a Syracuse ya yi, ya zo na 76 cikin 85, ya zama shugaban ƙasa. Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar dokokin tarayya, a Jami'ar Minnesota ya yi, ya zauna a jihar, kuma a can ya zama babban lauyan jiha. Mutum ne ke yin suna.

Abba_Houston:
@Sadau_77 Yale ta daina ba da bayanai, amma ba ta daina zama Yale ba. Dubi alƙalan Kotun Ƙolin tara, takwas daga Harvard ko Yale suka fito, Amy Coney Barrett kaɗai ce ta Notre Dame. Marshall kuwa a zamanin wariya ya taso, lokacin da makarantar lauya ta jiharsa Maryland ba ta ɗaukar Baƙar fata, ba zaɓi aka shimfiɗa masa ba. Mu da muka zo da suna irin Abubakar da harshen da ake ji an san baƙo ne, wani lokaci sunan makarantar ne ke sa a karanta takardarka har ƙarshe. Na gani da idona.

Sadau_77:
Ban musa ba. Amma mutum nawa ne cikinmu ke neman Kotun Ƙoli? Misalin Ellison nake so a duba. In a jihar da kake za ka zauna, alƙalan gundumar da masu gabatar da ƙara da masu ƙananan ofisoshi yawanci 'yan makarantar jihar ne. Na 7 a makarantarsu ya fi musu daraja a kan na tsakiyar aji daga wata uwa duniya.

Hajiya_Rabi:
Tun da ana kawo tarihi, Ruth Bader Ginsburg ma canji ta yi, daga Harvard ta koma Columbia a 1958 saboda mijinta ya samu aiki a New York, ta gama a 1959 tana cikin biyun da suka yi kunnen doki a matsayi na ɗaya. Na kawo ne don maganar Maman Iman. Iyali dalili ne da manya ma suka bi.

Barista_Hauwa_DC:
Ƙanina, har yanzu ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba. Wane irin lauya kake son zama?

DanZage_JD:
Yaya Hauwa, abin da ya kawo ni karatun nan shari'ar shige da fice ce. Na yi shekara biyu ina yi wa mutanenmu tafinta a ofishin wata lauya, 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan gida masu neman mafaka ko gyaran takardu. Na ga yadda kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba take rusa shari'ar mutum. Shi nake so in yi. Amma ba zan ɓoye ba, tun da sakamakon nan ya fito na fara tunanin aiki a ƙarƙashin alƙalin tarayya na shekara ɗaya ko biyu, kuma albashin da kika ambata ya taɓa zuciyata. Akwai mutane da yawa a gida da ke kallona.

Barista_Hauwa_DC:
To yanzu magana ta fito. In shige da fice ne, wanda aka tsare yana jiran a kore shi ba zai tambaye ka makarantar da ka yi ba, zai tambaya ko kana jin Hausa kuma ko za ka zo kotu. Dokar ta tarayya ce, da lasisin jiha ɗaya za ka iya tsaya wa mutum a kotun shige da fice a ko'ina cikin ƙasar. Babban abin da zai hana ka yin wannan aikin shi ne bashi, domin mai bashin 200,000 ba ya iya karɓar shari'ar wanda ke biya da kaɗan-kaɗan. Na san mutane da suka ce za su yi shekara uku a babban ofis su biya bashi su dawo aikin al'umma. Wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba.

Aikin alƙalin tarayya kuwa, kada ka ɗauka sai daga babbar makaranta. Alƙalan kotunan tarayya da ke jiharku sukan ɗauki na gaba-gaba a makarantar jihar, kuma wayar malami ɗaya da ya san ka tana aiki fiye da tarin takardu. Malamin kwangilar nan da ya kira ka ofis, ka tambaye shi wannan ma.

Zee_Esq:
Na yarda da rabin maganar Yaya Hauwa. Amma a yi adalci, manyan makarantu suna da shirin taya tsofaffin ɗalibansu biyan bashi in suka zaɓi aiki mai ƙaramin albashi, ga kuma shirin gwamnati na yafe ragowar bashin tarayya bayan biya 120, wato shekara goma, ga masu aikin gwamnati ko ƙungiyoyin sa-kai. Sai dai ka tambaya ko shirin makarantar ya haɗa da masu canji, kuma ka sani bashin banki ba ya shiga yafiyar gwamnati. In ofishin kanka za ka buɗe ma, ba ka ciki.

Malam_Sule_Bronx:
Shekara goma mutum na ɗauke da ruwa yana jiran yafiyar gwamnati. Ni dai na faɗi tawa. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa ka shimfiɗa masa lamarin yadda yake, har da cewa kana da hanyar gamawa ba bashi.

Usman_Tax:
Wata dabara da ba a ambata ba: nema daban, tafiya daban. Ka nema. In takardar ɗauka ta zo, ka kai wa shugaban sashen ɗalibai na makarantarku cikin ladabi, ka ce kana son zama amma ga halin da kake ciki. Makarantu ba sa son rasa na gaban aji, akwai waɗanda ke ƙara tallafi don su riƙe mutum. Wataƙila kashi ɗayan da ya rage ma su ɗauke maka. Kuma ka sake karanta takardar tallafinka, ka ga ko akwai sharaɗin maki a ciki da abin da ta ce game da mai barin makaranta.

Abba_Houston:
Wannan shawara ce mai kyau, amma ka yi ta da gaskiya. Kada ka yi barazanar tafiya in ba ka shirya tafiya ba, garin lauyoyi ƙarami ne.

DanZage_JD:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na zauna da mai ɗakina har ƙarfe ɗaya. Ta ce tsoronta ba tashi ba ne, bashin ne, kuma ba ta so nan da shekara goma in riƙa cewa da na sani. Mun tsaya a kan zan nemi makarantu uku, biyu manya da ɗaya da ke awa huɗu daga nan a mota, sannan in takardu sun zo mu sake zama. Na buɗe rahoton 509 na Georgetown kamar yadda Yaya Hauwa ta ce, GPA ɗina yana cikin abin da suke ɗauka. Jibi Juma'a zan ga liman bayan salla. Saura tambaya ɗaya: a takardar bayanin kai, in faɗi dalilin barin makarantata ko in yi shiru a kansa?

Barista_Hauwa_DC:
Ka faɗi abin da kake nema a wurinsu, kada ka kushe inda ka fito ko da kalma ɗaya. Labarin tafintar nan shi ne takardarka, ka fara da shi. Kuma gobe da safe ka je ofishin rajista ka nemi takardar shaidar cewa ba ka da matsala da makaranta, da wadda ke nuna matsayinka a aji, domin sukan ɗauki kwanaki, wa'adin wasu makarantun kuma a tsakiyar Yuni yake rufewa. In ka rubuta, turo min ta akwatin sirri in duba maka.